Ranar da Na Tsayar da Fim ɗin Turawa

Yaran unguwarmu a nan Faskari sun samu sabon wasa tun da fina-finan Hausa suka cika gari. Ɗaya ya naɗe kwali ya kara a ido, ɗaya ya ɗaga hannu ya ce akshin, sauran su yi ta faɗuwa ƙasa suna dariya. Ni na san kalmar nan tun ba a haife su ba, kuma ba a aji na koye ta ba. Aji da furfura na shige shi, na yaƙi da jahilci, kuma da hannun da na koya can nake rubuta wannan. Kalmomin masu fim kuwa a jikina na koye su, ni da ƙanwata Kulu, a wani fili arewa da Dakwaro cikin ƙasar Nijar, wadda a lokacin Faransa muke ce mata.

Shekarun da kuɗin mai suka tashi ne. Rediyo na cewa ƙasa ta yi arziki, mu kuma a Yankara gero ya ƙone a tsaye. Maza sun watse Ikko wajen sauke siminti. Nawa mijin ya tafi, ko saƙon gaisuwa. Mijin Kulu ya rasu a Pauwa, ya bar mata yaro, Sani, ya kuma bar mata tarin da ya kashe shi.

Ran kasuwar Yankara wani mutum ya zo, Malam Garba Tafinta, da baƙin tabarau da wando mai faɗin ƙafa. Yana bin rumfuna yana duba mata kamar mai sayen awaki, sai dai shi ramammu yake nema. Ya ce Turawa za su yi majigi a kan fari don duniya ta gani ta kawo taimako. Akwai abinci, akwai sallama mai kyau, akwai likita. Likitan nan kaɗai Kulu ta ji. Ta bar Sani wajen kakarshi ta ce mishi za ta dawo da ƙirjinta sarai. Ni Tafinta ya dube ni sama da ƙasa ya ce ban yi kama da yunwa ba. Na ce in dai Kulu za ta hau motar nan to da ni, in ba haka ba yanzu zan tara mishi kasuwa in ce ɓarawon mata ne. Sai ya tuna ashe suna neman mai girki.

Ba zan ɓata takarda da labarin sallama ba.

A Maraɗi muka fara karatu. Aka zube mu a wani zango, aka ce muna kan stanbai. Na tambayi Tafinta me ke nan, ya ce shiri. Ƙarya ne. Stanbai shi ne a tsayar da kai, ba a ce ka tafi ba, ba a ce ka zauna ba, ba a ce ka ci ba. Mun yi kwanaki a zangon nan muna kallon manyan motoci na wucewa kudu da fatun shanun da fari ya kashe. Can muka ji sunanmu kuma: estira. Estira shi ne mutumin da ake so a gan shi amma ba a bukatar sunanshi. Mu wajen motoci biyu ne, daga Kankara, daga Sabuwa, daga Mairuwa, da wasu 'yan ƙasar, duk sunanmu ɗaya.

Daga Dakwaro aka bar hanya aka nausa daji. Wurin da suka kafa tantuna babu komai sai busasshiyar rijiya da aduwa guda. Su sun zo da injin wuta, da akwatin sanyi, da ruwa a tanki. Babbansu shi ne darakta, wani dogon Bature da rana ta dafa wa ƙeya, muka sa mishi Jan Wuya. Akwai mai kyamara, akwai mai riƙe da doguwar sanda mai gashi a baki wadda ke jin magana, akwai mai ɗan allo da ake haɗa bakinshi ya ce ƙwas kafin a fara. Sai wata Baturiya siririya da ke yawo da ƙaramar kyamara mai tofo hoto nan take, tana liƙa hotunan a jikin katako. Ita muka sa wa Uwar Hotuna.

Likita kuwa akwai shi, Tafinta bai yi ƙarya ba. Na Turawa ne. Aikinshi gudawarsu da ƙunar ranarsu. Da na ja Kulu na kai mishi ya ɗora mata abin saurare a ƙirji, ya ba ta fararen ƙwayoyi irin na ciwon kai.

Jan Wuya ya bi layin estira ran farko yana ɗaga haɓar mutane da yatsa. Da ya zo kan Kulu ya tsaya. Ya kira mai kyamara, suka yi ta zagaya ta suna murna kamar sun tsinci zinariya. Aka karɓe kayanta aka kulle a akwati, aka ba ta wani tsohon zane baƙi da suka yayyaga da almakashi suka shafa wa toka. Aikinta: ta zo gaban ayarin 'yan gudun yunwa da tulu a ka, ta yi tafiya zuwa rijiya, in ta kai wani farin dutse da aka ajiye, ta faɗi.

Dokar wurin ɗaya ce. In Jan Wuya ya ce akshin, ka zama abin da aka ce ka zama. Ba ka motsi sai wanda aka koya maka, ba ka tari, ba ka duban kyamara, har sai ya ce kot. Kuma kot bakinshi kaɗai ke faɗinta. Tsakanin akshin da kot shi ake kira tek. In tek bai gamshe shi ba a koma baya, a share sawun ƙafa da tsintsiya, a sake. Wani dattijo daga Sabuwa, Baba Na'ayya, ƙuda ya shige mishi ido ana cikin tek ya sa hannu ya kore. Jan Wuya ya jefar da hula, Tafinta ya hana kowa abincin rana. Ba Turawa suka ci mutuncin tsohon nan ba, mu ne. Mutanenmu suka yi mishi ca, har wata da ya yi jika da ita ta ce da ya bar ƙudan ya ci idon. Daga ranar estira suka zama masu gadin juna. Ko kunama ta hau mutum ba ya motsi.

Kulu ta iya faɗuwa. In ta dawo da yamma gwiwoyinta duk sun goge, ta zauna kusa da murhuna tana tsokanata.

"Yaya, ke kina nan kina soya wa Nasara albasa, ni yau na mutu har na gaji da mutuwa."

"Rufe mani baki, ja'ira."

"Allah kuwa. Ran da ta gaskiyar ta zo ba zan sha wuya ba, na riga na ƙware."

Na ɗaga mata muciya, ta yi dariya har tarin ya kama ta.

Ni ke dafa wa Turawa, don haka na san abin da ke shiga tukunya da abin da ake zubarwa. Na riƙa ɗaure mata shinkafa da nama a gefen zane, da madarar gwangwani, da romo a gora. Ba sata nake kiran wannan ba, kuma har gobe ba zan kira shi sata ba. Jikin Kulu ya karɓa. Kumatunta suka fara dawowa, idonta ya fito daga rami, tarin ya yi sauƙi. Ta fara zancen Sani, wai za ta saya mishi takalmin roba a Maraɗi in za mu koma.

Sai muka koyi kalmar da ta fi duka mugunta: kwantiniti. Ashe fim ba a jere ake ɗaukarshi ba. Abin da aka ɗauka yau da na makon jiya za a manne su su zama yini ɗaya, saboda haka dole gobe ka zama daidai yadda kake jiya. Ɗaurin kallabi, tabon toka, hannun da ka riƙe tulu da shi. Aikin Uwar Hotuna ke nan. Wata safiya ta tsayar da Kulu, ta ɗaga hoton ranar farko kusa da fuskarta, ta duba nan ta duba nan, ta kira Tafinta.

Ya zo mani wajen murhu yana huci. Ya ce kumatun ƙanwata sun ɓata kwantiniti. Na ce kumatun nata ne ko na ubanshi? Ya ce an ɗauko ta ne don ramarta, ramar nan kuma yanzu kayan aiki ce, kamar tulun, kamar zanen.

Suka ɗauke ta daga wajena suka kai ta tanti na dabam, suka sa mai gadi ɗan ƙasar da ba ya jin roƙo. Abincinta kunu tsararo. Ni kuma ana laluba ni in zan bar wajen girki. Kullum Uwar Hotuna ta ɗauke ta sabon hoto ta gwada da na farko, har ranar da ta gyaɗa kai ta yi murmushi. Kulu ta koma yadda suke so, ta ma wuce.

Na sami Tafinta na ce a sallame mu mu tafi gida. Ya ce ba a sallamar wadda fuskarta ta riga ta shiga fim. Na samu Kulu ta bayan tanti na ce ta taso mu gudu. Ta ce mu gudu ina, da wace ƙafa? Saura kaɗan a gama, in ji ta, a ba ta abin da za ta kai wa Sani.

Jan Wuya na da wani haske da yake so, na bayan la'asar, lokacin da rana ta yi ja ta kwanta. Hasken ba ya daɗewa, don haka a lokacin kowa ke rawar jiki. Ranar an sa ni riƙe bokitin ruwan Turawa a bayan kyamara, da moɗar ƙarfe a hannuna. Allo ya ce ƙwas. Akshin. Ayari ya taso, Kulu a gaba. Ta faɗi a farin dutse. Kot. Wai wani ya ɗaga kai. Aka share sawu, aka sake. Wai tulun bai fashe yadda ya kamata ba. Aka kawo wani tulun, aka sake. 

A tek na gaba ba ta kai dutsen ba. Ta tsaya, ta dafa ƙirji, tulun ya zame ta baya. Ta durƙusa, jini ya zubo mata ta baki ya sauka a kan zanen. Sannan ta kife.

Ba wanda ya motsa. Mutanenmu suna tsaye a bayanta, waɗanda muka sha ruwa a gora ɗaya da su, kowa ya ga jinin, kowa ya san ba jinin ƙarya na masu fim ba ne, kowa ya ƙame yadda aka koya mishi. Na dubi Jan Wuya ina jiran ya buɗe baki. Fuskarshi na walƙiya. Yana yi wa mai kyamara alama da yatsu, matsa, matsa kusa.

Ni muryata tun ina yarinya ake jin ta daga gona zuwa gida. Na cika ƙirjina na ce, "Kot!"

Mai kyamara ya ɗago kai ya saki abin. Mai sanda ya sauke sanda. Ba don sun ji tausayi ba, hannunsu ne ya saba. Sai da suka waiwaya suka ga mai girki ce da bokiti.

Jan Wuya ya yi ta ihu da yarensu har jijiyar wuyanshi ta fito, yana nuna rana da ke faɗuwa. Ni na riga na kai wajen Kulu na ɗago kanta. Tafinta ya biyo ni ya ce na san abin da na yi kuwa, na san ko nawa ne fim ɗin da na ƙona? Ya ɗauke ni da mari. Na kwaɗa mishi moɗar a tabarau, gilashin ya tarwatse, ya zauna a ƙasa yana laluben ido.

Na ce a ba mu mota a kai ta asibiti. Motoci na nan jere. Aka ce suna kan stanbai.

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa yafewa ba. An kore mu, amma aka ce zanen ba zai tafi ba. Kwantiniti. Kayan Kulu na cikin akwati, mai mabuɗin kuma ya tafi Dakwaro. Uwar Hotuna da wata mai kula da tufafi suka durƙusa suka kwance zanen daga jikin ƙanwata tana kwance cikin jini, a gaban maza. Baturiyar na kuka tana kwancewa. Kukanta bai hana hannunta aiki ba. Na cire mayafina na rufe Kulu. Katakon hotunan na jingine a gefe, na fizge na Kulu guda ɗaya na tura a ƙirji. Baba Na'ayya kaɗai ya fito daga layi ya kama mani ita muka kai ta gindin aduwa. Na ji daga baya ya rasa aikinshi a kan haka.

Wata Buzuwa ce ta fitar da mu daga dajin. Tana wucewa da jakinta da akuya guda da ta rage mata daga garke. Hausarta kaɗan ce, ba ta ma tambaye mu komai ba. Ta sauke kayanta ta ɗora a kanta, muka ɗora Kulu a jaki. In mun tsaya ta tatsi ɗan abin da ke jikin akuyar ta ɗiga wa Kulu a baki. Da muka kai hanya ta juya ta koma. Ban san sunanta ba, amma ba na sallame salla ban sa ta ba.

A bakin hanya motoci suka yi ta wuce mu. Wanda ya tsaya ɗan Damagaram ne mai ɗauke da fatu. Ya sauke wani ɗan kasuwa daga gidan gaba ya ce ya hau kan fatu, ɗan kasuwar na zagi, shi ko a jikinshi. Kulu ta kwanta a cinyata har Maraɗi. Asibitin cike yake da mutanen fari, har tsakar gida. Wata ma'aikaciya ta duba ta, ta ja ni gefe ta ce in ina da inda zan kai ta ta ga nata, in kai ta yanzu.

Kulu ma abin da ta ce ke nan. "Yaya, mu tahi gida. In ga Sani."

Muka hau motar gida, amma ba mu kai iyaka ba. Wani ƙauye kafin Jibiya direba ya ga yadda numfashinta ya koma ya sauke mu. Matan wani gida suka shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Da hantsi ta buɗe ido ta dube ni, har da ɗan murmushin tsokanar nan nata.

"Yaya," ta ce, "wanga karon kada ki ce kot. Na gaji."

Ban ce ba. Na laƙƙana mata kalmar shahada, ta karɓa.

Matan ƙauyen suka taya ni wanka. Wata tsohuwa ta buɗe tukunya ta ciro farin ƙyallen da ta ajiye wa kanta ta ba mu. Mazan garin suka sallace ta suka kai ta, ba wanda ya san ta a cikinsu. Na ƙetare iyaka ni kaɗai, ba mayafi, da hoto a ƙirji.

A Pauwa na faɗa wa kakar Sani abin da ya faru ban rage komai ba. Sani na manne da ƙafarta yana leƙen bayana, ko akwai mai shigowa. Na nuna mishi hoton. Ya duba ya duba, ya miƙo mani ya ce wannan ba innarshi ba ce. Gaskiya ya faɗa. Hoton na ranar da Uwar Hotuna ta yi murmushi ne. Shi ne hoton Kulu guda ɗaya da ke hannunmu a duniya, kuma an ɗauke shi ne don a tabbatar ba ta yi ƙiba ba.

Bayan kaka wata 'yar Mairuwa da muka tafi tare ta dawo, muka haɗu a kasuwar Yankara. Ta ce sun samo wata ramammiya 'yar ƙasar suka ɗaura mata zanen, suka ɗauke ta ta baya, suka ƙarasa. Jinin ma ba a wanke ba, wai kada ya saɓa da na baya. Ran da aka gama Turawa suka yanka raguna, kowa ya ci ya ƙoshi, estira ma. Taimakon da aka ce duniya za ta kawo in ta ga fim ɗin, ni dai bai zo ƙofata ba. Fim ɗin kuma ban taɓa ganinshi ba, ban san sunanshi ba, ba na kuma nema.

Da kakar ta rasu na ɗauko Sani, a hannuna ya girma. Hoton ya daɗe da dusashewa, yanzu in ka duba sai wani hazo-hazo da baƙin zane. Gara haka. Kulu ba haka take ba. Gajera ce mai kumatu, mai wushirya, mai dariya da ƙarfi har a ce mata ta rage. Tana son ɗanwake da yaji da yawa, tana tsoron ƙadangare. Na rubuta nan don a sani.

Sani ya sa wa 'yarshi ta fari sunan uwarshi, muna ce mata Ummi. Kumatun nan ta kwaso su duka. Rannan ina ɗaki ina jin su a tsakar gida da ɗan kwalinsu, an ce akshin, an ce Ummi ce za ta mutu. Na leƙa ta taga na gan ta kwance a ƙasa ta rufe ido, ta ƙame, tana matse dariya. Wanda ya kamata ya tsayar da wasan ya shagala da wani abu.

Na jira iya abin da zan iya. Sannan na ce, "Kot."

Ta tashi, ta kakkaɓe zane, ta ce, "Kai Inna, kin ɓata mana."